Kayan da Muka Ɗora wa Zuma Ya Fi Ƙarfinta

Tun annobar korona ta 2020 wata magana ta shiga bakin masu sayar da zuma, har yau ba ta fita ba: "tana ƙara garkuwar jiki." Da can, in ka tsaya gaban mai zuma a kasuwar Wudil ran Juma'a ko ta Maigatari ran Alhamis, iyakar tallarsa ya tsoma tsinke ya miƙo maka, ya ce farar saƙa ce, lasa ka ji. Yanzu lasifika ce ɗaure a baro tana zuba ba numfashi: zuma haɗe da habbatus sauda da tafarnuwa, tana wanke hanji, tana warkar da olsa, tana fatattakar taifot, tana gyara ƙwayoyin ciki, tana ɗaga garkuwa. Na cikin waya sun fi na baro iya baki, kayansu kuma ya fi tsada. Su ba zuma kaɗai suke sayarwa ba, har da garin fure da ƙudan zuma ke tarawa, da danƙon da suke like amya da shi wanda ake kira furofolis, da madarar da suke ciyar da sarauniyarsu, da zumar manuka ta ƙasar Niyu Zilan, wadda kuɗin 'yar kwalbarta zai ciyar da gida kwana da kwanaki.

A gidan masu amya na tashi, a wani ƙauye tsakanin Gumel da Haɗeja, don haka ba ni da wata gaba da zuma. Kuɗinta ya saya mana littattafan makaranta. Abin da nake cewa shi ne mun ɗora mata kayan da ba nata ba, kuma waɗanda lodin ke faɗo wa a ka su ne marasa baki: jarirai, da talakan da ya fasa zuwa asibiti ya rungumi kwalba.

Na san abin da za a fara jefo mini, gara in riga. Allah Ya ce a Suratun Nahli, aya ta 69, a cikinta akwai waraka ga mutane. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idul Khudri labarin mutumin da ya zo wa Annabi (SAW) da kukan ɗan'uwansa na zawo, aka ce ya shayar da shi zuma, ya yi ta komowa yana cewa abin ƙaruwa yake yi, har dai a ƙarshe ya warke. Babu Musulmin da ke ja da wannan. Sai dai malaman da suka yi sharhi ba su karanta shi yadda mai baro ke karantawa ba. Ibnul Ƙayyim ya bayyana cewa zawon mutumin nan na cushewar ciki ne, ci ya yi ya wuce ƙima, kuma maimaita shayarwar na nuna magani sai ya dace da cuta a nau'i da gwargwado. Ibnu Kasir ya kawo maganar masana tibbi cewa ayar ba ta ce zuma maganin kowace cuta ce ba. Ashe tambayar wace cuta, wane mutum, wane gwargwado, ba boko ne ya zo da ita ba. Magabata ne suka fara yin ta, mu ne muka yar.

To mece ce ma garkuwar da ake ta ambato, musamman ta hanji, inda zumar ke sauka? Cikin hanjin babban mutum, in an baje lanƙwashe-lanƙwashensa, ya kai murabba'in mita 30, kuma abin da ya raba abinci da jini a wurin shimfiɗa ce ta ƙwayoyin jiki falle ɗaya tak, wadda ke sabuntuwa cikin kwana uku zuwa biyar. A samanta akwai yauƙi mai kauri. A ƙarƙashinta kuma sojojin jiki ne jibge. Kullum suna zubo wani sinadarin kariya da likitoci ke kira IgA, giram uku zuwa biyar a yini, yana manne wa ƙwayoyin cuta ya hana su kama bango. Sannan ga baƙin da suka zama 'yan gida: bakteriya kimanin tiriliyan 38, bisa lissafin da wasu masana a Isra'ila suka fitar a 2016, akasarinsu a babban hanji. Ba cuta ba ne su. Abin da cikinmu ya kasa narkarwa, irin dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye, shi suke ci, su mayar da shi wasu sinadarai da bangon babban hanji ke rayuwa a kansu, kuma sinadaran nan na kwantar da sojojin jiki kada su dinga kai hari ba gaira ba dalili. Cika wurin da suka yi ma kariya ce, don mugun baƙo ba ya samun masauki.

Hanji kan iyaka ne, kamar dai Maigatari. Kaya na shigowa dare da rana, gwanintar mai tsaro kuma ba ta tare kowa ba ce, ta sanin wa zai bari ya wuce, wa zai tsare. In ya yi sakaci, cuta ta shiga. In ya zaƙe ya hau dukan mai gyaɗa da mai madara, wannan ma cuta ce, a nan ake samun borin jini da kumburin hanji mai daɗewa. Don haka maganar "ƙara" garkuwa tun daga tushe ba ta zauna ba. Akwai marasa lafiyar da likita ke ba su maganin rage ta.

Yanzu mu bi cokalin zuma daga baki. Kusan kashi 80 cikin 100 sukari ne, mafi yawansa iri biyu masu saurin shiga jini, furuktos da gulukos. Ruwa kashi 17 ko 18. Ragowar 'yan kaɗan ne: tsami, ma'adinai, sinadaran fure, da wani nau'in sukari mai wuyar narkewa. Ƙarfinta na kashe ƙwayoyin cuta gaskiya ne, kuma an san daga inda yake. Kaurin sukari na tsotse ruwan jikin ƙwayar cuta, tsamin ba ya mata daɗi, sannan ƙudan zuma na zuba wani sinadari wanda in zuma ta haɗu da ɗan ruwa yake fitar da haidurojin feroksaid a hankali a hankali, irin wanda ake wanke ciwo da shi a kemis. Shi ya sa take aiki a kan miki. A ƙasar nan ma aka yi ɗaya daga ayyukan da suka dawo da hankalin likitocin duniya kanta: a 1988 likitan tiyata Spencer Efem na asibitin koyarwa na Jami'ar Kalaba ya wallafa yadda ya ɗaure wa mutum 59 gyambo da miki da zuma, yawancinsu waɗanda magungunan asibiti suka gagara, 58 suka samu sauƙi sosai. Tarin mura ma haka. Tun 2018 hukumomin lafiya na Ingila suka sa zuma cikin abin da za a fara gwadawa, ga wanda ya wuce shekara ɗaya da haihuwa.

Amma miki da maƙogwaro, zuma na zama a kansu da kaurinta. Ciki ba haka yake ba. Da ta sauka za ta tarar da ruwa da tsamin tumbi da tuwon da aka ci, ta tsinke. Sukarin nan ƙaramin hanji ke tsotse shi, kafin a isa babban hanji inda taron bakteriya yake, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Wannan ɗan ragowar shi masu bincike ke sa wa ido, kuma ba a banza ba: a kwalbar gwaji an ga yana ƙara yaɗuwar bakteriya masu amfani irin su bifido da lakto, a jikin ɓeraye ma an ga alamun raguwar kumburin hanji. Daga nan masu talla ke tsinto maganarsu. Abin da ba sa ƙarasa faɗa shi ne gwajin da aka yi a kan mutane kaɗan ne, ƙanana ne, kuma bai nuna cewa mai shan zuma kullum ya fi maƙwabcinsa tsira daga taifot ko zawo ba.

Labarin olsa ya ishe mu misali. Tun da Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka tabbatar da cewa ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta ke haddasa yawancin gyambon ciki, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2005, aka shiga gwada zuma a kanta. A faranti, zuma ta hana ta tsiro. Da aka gwada manuka a cikin mutane masu ɗauke da ita, ƙwayar tana nan daram. Zuma da safe na iya lafa wa mai olsa raɗaɗi, ban musa ba. Amma mai kashe ƙwayar shi ne haɗin magungunan da likita ke rubutawa na kwana 10 zuwa 14, kuma wanda ya shekara yana lafa ciwo da zuma alhali cikinsa na zubar jini, ranar da za a kawo shi asibiti ranga-ranga mai baro ya daɗe da sauya kasuwa.

Akwai kuma wata maganar da na ji ana yawan juyawa, wai zuma cike take da bakteriya masu rai kamar yogot. Asalinta daga Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin ne, inda a 2008 aka gano wasu bakteriya masu tsamar da abinci a cikin cikin ƙudan zuma da kuma ɗanyar zumar da ba ta nuna ba. Gaskiya ne. Sai dai da zuma ta nuna, ruwanta ya ragu, ba sa daɗewa a raye. Abin da ke hana mugayen ƙwayoyi zama a kwalba shi ke hana nagari.

Su furofolis da garin fure da madarar sarauniya ba zan daɗe a kansu ba. Furofolis ƙaron itatuwa ne da ƙudan zuma ke kwasowa su kwaɓa da kaki, don haka na Birazil daban, na Turai daban, na ƙudan da ke yawo tsakanin gawo da darbejiya a Jigawa daban. Sakamakon da aka samu da wancan ba ya hawa kan wannan kai tsaye. Yawancin abin da aka sani game da shi da hanji daga ɓeraye ne. Madarar sarauniya kuwa an tabbatar tana tayar wa wasu masu asma da borin jini ciwo nan take, har an yi asarar rai a Ostireliya. Wato ita dai tana taɓa garkuwar jiki, amma ba ta fuskar da aka rubuta a kwalin ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne amsar da ake nema a kwalbar waje tana cikin akushinmu. A 2010 wasu masana daga Italiya suka kwatanta bayan gidan yaran wani ƙauye a Burkina Faso da na yaran birnin Filorans. Yaran ƙauyen nan abincinsu gero ne da dawa da wake da ganye, sak namu. Aka tarar sun fi yaran Turai yawan nau'o'in bakteriya, sun fi su kuma sinadaran nan masu ciyar da bangon hanji. A 2021 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka raba mutum 36 gida biyu na tsawon mako 10. Waɗanda aka ƙara wa abincin da aka tsamar, irin su yogot, nau'o'in bakteriyar cikinsu suka ƙaru, alamomin kumburi 19 a jininsu suka sauka. Mu da muke da kindirmo da nono da kamu da daddawa, ga kuka, ga zogale, ga rama, ga aya, ga goruba, wa zai koya mana wannan? Amma je ka shagon ƙauye da yamma ka ga abin da ake aiko yara saye: taliyar leda, biskit, lemon roba. Tuwo ma sai an surfe hatsin tas, an ba awaki dusa. Ƙari a kan haka, ciki na ɗan juyawa sai a aika kemis a sayo filajil da kafso ja da yalo, a haɗiya biyu a ajiye. Ɓarnar da wannan ke yi wa bakteriyar hanji, galan ɗin zuma ba zai gyara ba.

Kada dai a ce na mayar da ƙauye aljanna. Yaran da suka fi na Turai arzikin bakteriya, su ne kuma zawo ya fi kashewa, don ruwan da suke sha da wurin da ake bahaya. Kindirmo na da kyau saboda ana tafasa madarar kafin a kwantar da shi, amma in an dama fura da ruwan kududdufi ko ƙanƙarar da ba a san asalinta ba, an koma gidan jiya.

Sannan wace zumar ma ake magana? Na sha riƙe wa Baffa igiya a gindin ɗorawa da daddare, shi yana sama da damin ciyawa mai ci da wuta, yana cusa shi bakin amyar da aka saƙa da gamba aka shafe da kashin shanu. Ƙudan na zubowa ƙasa a ƙone, wasu na rarrafe cikin wando. In bokiti ya sauko, komai na ciki: saƙar da aka rufe bakinta da kaki, wadda ita ce nunanniya, da wadda ba a rufe ba mai ruwa-ruwa, da mai 'ya'ya farare, da toka, da gawar ƙuda. Baffa yakan zauna gaban fitila ya ware, nunanniya gefe guda, ya ce mini, "Kai yaro, wannan ta ajiya ce, waccan ta ci yau ce, in ka haɗa su kafin sati ta yi kumfa." Ba kowa ke da haƙurinsa ba. Da yawa matse su suke gaba ɗaya, wasu ma su ɗora a wuta don kakin ya taso, zafin kuwa na kashe sinadarin nan mai fitar da haidurojin. Ma'aunin duniya ya ce ruwan zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100, in ya wuce tsami take yi. Wannan fa zumar gaskiya ke nan, ba a zo kan ta algus ba, wadda ake haɗawa da ƙonannen sukari ko mazarƙwaila ko maɗi. Kuma ba mu kaɗai ba ne: a 2023 Tarayyar Turai ta fitar da rahoton gwajin zuma 320 da aka shigo musu da ita, kashi 46 cikin 100 ana zargin an yi musu haɗi. Gwaje-gwajenmu na bakin kasuwa, a tsoma ashana a kyasta, a ɗiga a ruwa, a ɗiga a yashi, kauri kawai suke aunawa, kuma mai algus ya fi mai saye sanin su. Har ta kai zumar da ta daskare, alhali daskarewa ɗabi'arta ce, ita ake ƙi, a ɗauki baƙa mai sheƙi wadda aka dafa a tukunya.

Ga aiki nan a ƙasa ga Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta kimiyya da ke Wudil da Asibitin Malam Aminu Kano. Zumar dajin Falgore, da ta fadamar Haɗeja, da ta gonakin riɗi, kowacce furenta daban. A gwada su a kan mutane, da lissafi, rukuni na sha rukuni ba ya sha, a gaya mana abin da aka gani ko da bai yi mana daɗi ba. Masu amya kuma a haɗa su ƙungiya, a ba su amyar katako da ake zaro saƙa ɗaya-ɗaya ba tare da ƙona gidan ba, da 'yar na'urar auna ruwan zuma wadda girmanta bai wuce tocila ba, a kuma roƙi manoma su bar feshin wake da kankana sai yamma lis in suna fure. Gidajen rediyon da ke karɓar kuɗin talla su ma su tambayi mai magani takardar izinin tallarsa daga NAFDAC kafin su buɗe masa makirfo. Duk wannan mai yiwuwa ne, kuma zai ƙara wa mai zumar gaskiya kuɗi.

Inda abin ya wuce asarar kuɗi ya koma ta rai, wuri biyu ne. Na farko zawon yara. Akwai bincike na gaske a nan, kuma yana goyon bayan zuma: a 1985 likitoci biyu a birnin Darban na Afirka ta Kudu suka wallafa gwajin da suka yi da yara 169 masu zawo, inda suka sa zuma a madadin sukari cikin ruwan gishiri da sukari, suka ga ta rage kwanakin zawon da bakteriya ke kawowa. A lura da yadda aka yi: zuma a awo, cikin ruwa mai yawa, tare da gishiri, a asibiti. Ba a ɗura wa yaro zuma zalla ba. Zaƙi mai kauri ba gishiri janyo ruwa yake daga jiki zuwa hanji, zawon ya ƙaru. Abin da ke kashe yaro kuwa ƙarewar ruwan jiki ne, ba rashin garkuwa ba, kuma maganinsa ƙullin ORS ne da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da ba shi nono. Tun watan Agustan 2022 rigakafin ƙwayar rota, wadda ke kan gaba wajen zawon ƙananan yara, ya shiga jerin na kyauta a Najeriya, ɗigo ne a baki, kuma shi kam an tabbatar garkuwar hanji yake horarwa. A kwalarar 2021, da ta kama sama da mutum dubu 100 a ƙasar nan ta kashe sama da 3,000, Jigawa da Kano na sahun gaba. Mai amai da gudawa awoyi ke gare shi, ba kwanakin gwada kwalba ba.

Na biyu shi ne wanda ya sa na ɗauki alƙalami. A garuruwanmu, kafin jariri ya kama nono, sau da yawa an riga an lasa masa zuma, wani wurin da rubutu ko zamzam, wai ta buɗe masa ciki, ta wanke baƙin kashi, ta sa ya yi zaƙin baki. A lokaci guda kuma dakashi, nonon farko mai kauri ruwan ɗorawa, ana matse shi a zubar, wai dauɗa ce. In da za a tambayi masanin garkuwar hanji ya tsara hanyar da ta fi kowacce cutar da jariri a kwanansa na farko, da wuya ya wuce wannan. Dakashi cike yake da IgA ɗin nan da na ambata, wanda uwa ta haɗa daidai da cututtukan da ke gidanta, jaririn kuwa bai fara yin nasa ba. Nonon uwa na ɗauke da wani sukari wanda jariri ba ya narkarwa, an halicce shi ne musamman don ciyar da bakteriyar bifido su kafa gida a hanjinsa. Abin da ake ta nema a zuma a kwalbar gwaji, ga shi nan Allah Ya zuba a ƙirjin uwa kyauta. Duk da haka ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran da ba su kai wata shida ba ke shan nono zalla.

Ita kuma zuma takan ɗauko irin wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa, Kulostiridiyam botulinam, wadda ke kwance kamar matacciya, kaurin sukari ba ya kashe ta, tafasawar gida ba ta kashe ta. Tsabar kyan zuma ba kariya ba ne, ta Baffa ma na iya ɗauke da ita. Babba ya haɗiye ta ba abin da zai same shi, domin bakteriyar hanjinsa sun cika wurin, ba su bar mata inda za ta tsiro ba. Hanjin jariri fili ne. Sai ta tsiro, ta saki dafin da ke kashe jijiyoyi. A Kalifoniya aka fara gane ciwon a 1976, kuma shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba yaro zuma sai ya cika shekara. Alamominsa: bahaya ya ɗauke, tsotso ya yi rauni, kuka ya zama siriri, wuya ya saki, jiki ya yi laƙwas, in ya yi tsanani numfashi ya tsaya. A ƙauye ba da sunansa za a kira shi ba. Za a ce iska ce, ko baki, ko nonon uwar ne ba shi da kyau, watakila ma a ƙara masa zumar. Duk cikin abin da kimiyya ta tabbatar game da zuma da kariyar hanji, wannan gargaɗin ya fi kowanne ƙarfi, kuma shi kaɗai ne ban taɓa jin lasifika ta faɗa ba.

Na yi wannan magana da wata gwaggona da ta daɗe tana karɓar haihuwa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ɗan nan, kai ma da zumar aka tarbe ka, ga ka nan kana mini wa'azi." Na ce, "Gwaggo, haka ne, yawancin yara ba abin da ke samun su. Amma wanda ya samu fa, me zumar ta ƙara masa da nono bai ba shi ba?" Ta ce ai sunna ce. A nan ne ya kamata malamai su shigo, don ni ba zan ci wannan gardama da ita ba. Abin da ya tabbata a hadisi, da dabino Annabi (SAW) ya yi wa jarirai tahniki, ya tauna ya goga a dasashi, kamar yadda ya yi wa Abdullahi ɗan Zubairu. Malaman da suka ambaci zuma sun ambace ta ne ga wanda bai samu dabino ba. A Jigawa kuwa, jihar da ke da tashar binciken dabino a Dutse, wane shago ne babu shi?

Ma'aikatan asibiti na faɗar wannan a wajen awo, amma ga wa suke faɗa? Ga yarinya mai cikin fari, wadda ranar haihuwa kunya ba za ta bar ta ta ɗauki ɗan a gaban mutane ba, balle ta ce wa uwar mijinta ajiye cokalin nan. Hannun da ke kai zuma bakin jariri na kaka ne, ko ungozoma, ko liman ɗin da aka miƙo wa shi a zaure. In an bari sai ranar suna, an makara da kwana bakwai. Saƙon nan wurinsa huɗubar Juma'a ne, da Islamiyyar matan aure, da taron ungozomomi a gidan mai unguwa, kuma ya fito daga bakin wanda Gwaggo ke jin nauyinsa.